Ƙahon da Ya Kaɗa Murfin Kwano

Bara'u ya sayi ƙaramin ƙaho a maimakon babba, kuma bai sani ba sai da ya kai shi Manchester.

Ba cutarsa aka yi ba. Wanda ya sayar masa bai ɓoye komai ba. Shi ya duba da idonsa, ya ƙwanƙwasa, ya yi cinikinsa irin na Kanawa har mai kaya ya gaji, ya saɓa abinsa ya fito yana jin ya yi dabara.

Ƙahon da ake magana shi ne wanda Turawa ke kira tuba, narkeken nan na tagulla da ake rungumewa kamar buhun gero, wanda ake ajiye mai busa shi can bayan 'yan badujala yana gurnani. Irinsa mahaifin Bara'u, Saje Gimba, ya busa a badujalar 'yan sanda a Kaduna har ya yi ritaya. A barikin nan Bara'u ya tashi. Kullum bayan la'asar Saje zai fitar da kujerarsa bayan gida, gindin darbejiya, ya yi ta hawa da sauka a ƙahon, yaran bariki suna leƙe daga nesa. In zai tashi, sai ya rufe da murya guda ɗaya, doguwa, can ƙasa, wadda kunne ba ya kamawa sosai, ciki ne ke jin ta. Da ta fito, kwanukan jeren Inna da ke ɗaki sai su kama rawa, murfi na bugun kwano, kar-kar-kar. Shi ne kiran abinci. Saje bai taɓa buɗe baki ya ce yana jin yunwa ba. Inna za ta ji murfi na kaɗawa, ta gyara ɗankwali, ta kwashe tuwo.

Bara'u shi ne ɗan fari. Saboda haka Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ko sau ɗaya. "Kai" ne, ko "yaron nan". Ba ta yaba shi, ba ta haɗa ido da shi. Ranar da ya fara tuƙa mota ya zo ƙofar gida yana danna hon, duk layin ya fito ban da ita. Amma tsokar da ta fi girma a miya, ta hannun ƙanwarsa Zubaida take isowa kwanonsa. Abin bai taɓa damunsa ba. Kunya ce, kowa ya san ta. Ba ta faɗin sunan, amma ta san mai shi.

Yanzu ba ta san shi ba.

Saje ya daɗe da rasuwa. Zubaida ta zama likita a Birmingham, ita ta ɗauko Inna zuwa gidanta a unguwar Ladywood lokacin da mantuwa ta fara cin ta. Kunnen ma ya tafi, saura kaɗan. Bara'u kuwa boko bai karɓe shi ba. Bas yake tuƙawa a Manchester, yana hawa da sauka titin Wilmslow Road, ya haura hamsin, gemu rabi fari. Duk ranar hutunsa zai kama hanyar Birmingham, ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaishe ta. Ita kuma ta dube shi tsaf, ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba da tana da lafiya.

"Sannu baƙo. Daga ina?"

"Daga Manchester, Inna."

"Ayya. Da nisa ko? Zubaida, a ba bawan Allah ruwa."

Zubaida dai takan faɗo mata wata rana, wata rana ta ɓace. Shi bai taɓa faɗowa ba. Kuma abin da yake so bai taka kara ya karya ba: sau ɗaya kafin ta tafi, ya shigo, ta kau da kai kamar da, ta ce "Kai, ka zo?"

Wata safiya yana zaune a ɗakinta, motar shara ta hukumar gari ta tsaya ƙarƙashin taga tana gurnani. Gilashi ya kama rawa. Akwai kwano guda ɗaya mai murfi da Inna ta taho da shi daga jerenta, fari mai jan fure, tana zuba dabino a ciki, yana kan ɗan tebur kusa da gado. Murfin ya ce kar-kar-kar. Sai Inna ta ɗaga kai, ta kai hannu ga ɗankwalinta, ta fara laluben silifa da ƙafa.

"Saje ya tashi," ta ce.

Motar ta wuce. Murfin ya yi shiru. Ta koma ta jingina, fuskar ta sake zama fayau.

"Duk ranar shara haka take yi," in ji Zubaida daga bakin ƙofa.

Bara'u ya tsura wa kwanon ido. Lissafinsa gajere ne: in muryar nan tana mayar da ita gidan bariki, to ai shi ma yana cikin gidan.

Da ya gaya wa Zubaida, sai ta sauke jakarta ta dube shi.

"Yaya, ka san ba a warkewa daga wannan."

"Na ce miki magani zan yi? Busa zan yi."

"Ka taɓa busawa?"

"Na sha riƙe wa Baba yana ɗaura takalmi."

A waya ya ga tallan. Wani Bature ne mai suna Ethan, a nan Ladywood ɗin, yana kwashe kayan kakansa da ya rasu. Tsohon ya yi rayuwarsa yana busawa a badujalar ma'aikatan wata masana'anta. Ethan ya sauko da ƙahon daga saman rufi, duk ƙura, ya ce shi bai san komai a kansa ba, abin da ya sani kawai kakarsa ta tsane shi. Bara'u ya duba shi yadda ake duba tsohuwar mota: ina ya lotse, ina aka yi walda, madannan nan uku suna dawowa ko suna maƙalewa. Ya lura bai kai girman na Saje ba. Na Saje, yana yaro yakan zura kansa har kafaɗa a cikin bakinsa ya yi ihu. Wannan da ƙyar kansa kaɗai zai shiga. Amma ya tuna lokacin da ya koma Kaduna ya tarar da katangar bariki da suke tsoron dira iya ƙirjinsa take, darbejiyar ma ta zama 'yar bishiya. Sai ya ce a ransa, ai ni ne na girma.

A Manchester mutum ɗaya ya sani da zai koya masa. Gamaliel, tsohon makanikin garejin bas ɗinsu, mutumin Wusasa ta Zariya, wanda ya koyi busa tun yana yaro a ƙungiyar yaran coci. Ya yi ritaya, yana busa wa wata badujalar tsofaffi da ke haɗuwa a zauren wani coci a Old Trafford, kuma mabuɗin zauren na hannunsa. Bazazzagi da Bakano, ka san ba a gaisuwa sai da tsiya.

Gamaliel ya buɗe jakar, ya tsaya, ya kama ƙugu.

"Bakano, me ka ɗauko?"

"Ƙaho. Ko idon ya tafi ne?"

"Irin na babanku ka ce kana nema."

"Shi ne wannan."

"Wannan ƙanensa ne. Na rantse ka tsaya ciniki ne ka manta da kaya. Ku dai in an ce an rage muku, ko jaki aka ba ku a matsayin doki, sai ku ce madalla."

Ya shiga sito ya rungumo na badujalarsu, ya ajiye kusa da na Bara'u. Ba sai an yi bayani ba. Ɗaya uba, ɗaya ɗa. Gamaliel ya ɗauki ƙaramin ya fara sauka, murya bayan murya, har ya kai inda ya tsaya cak. Ya ajiye, ya ɗauki babban, ya ci gaba daga nan. Ƙasa, ƙasa, ƙasa. Tagogin zauren suka fara amsawa. Bara'u ya ji abin a mararsa, ya ji ƙanshin miyar kuka daga inda babu ita.

"Ita ce," ya ce. "Wannan."

"To naka ba ya zuwa nan."

"Ara min wannan."

"Ba nawa ba ne, kuma ba ya barin ɗakin nan. In kana so, sai dai in roƙi izini, ka kai ni da shi in busa wa tsohuwa da kaina."

"In ta ɗaga kai ta ga Bazazzagi? Ni nake so ta gani."

"To mayar da wannan ka sayo yayansa."

"Rabi'a ta ce in na shigo da na biyu, in zaɓa: ko ita ko su."

Rabi'a matarsa ce, kuma ba ta faɗin abin da ba za ta yi ba. Gamaliel ya yi dariya har da tari. Sannan ya zauna, ya ɗora ƙaramin a cinya.

"Tsaya. Akwai wata guda ɗaya. Inda ka ga na tsaya, a ƙarƙashinsa rami ne, babu komai. Amma can ƙasan ramin akwai murya. Ta ma ɗan fi ta babanku zurfi. Ba ka danna komai. Leɓe ne kawai da iska."

Ya saki fuska kamar mai barci, ya hura. Abin da ya fito ba busa ba ne, girgiza ce, kamar babbar mota ta tsaya a bayan gida. Kujerun roba suka ɗauka.

"Kwana nawa zan yi in kai nan?"

"Kai? Da wannan bakin naka a tsuke kamar na jakar kuɗinka? Allah ne masani."

Rabi'a ta hana busa a gida tun ranar farko, da maƙwabci ya fara dukan bango. Amma ita ce ta buɗe kabad ta ciro kwano mai murfi daga kayan aurenta, ta miƙa masa ba tare da ta dube shi ba.

"In ka lotsa min shi, kada ka dawo."

Haka aka fara. Tsakanin aikin safe da na yamma Bara'u zai zo zauren, ya ɗora kwanon a kan kujera gabansa, ya rungumi ƙaho. Da farko kukan akuya yake fitarwa. Daga baya ya zama na saniya, Gamaliel ya ce an samu ƙarin girma. Ya koyi madannan, ya koyi sauka a hankali, ya koyi ɗaukar numfashi har ciki ya cika ba kafaɗa ta tashi ba. Sanyi ya shiga ya yi ƙarfi, ya iya kaiwa bakin ramin. Daga nan kuma ƙememe. In ya nemi ta ƙasan, sai iska kawai ta fita, fuuu, ko kuma ƙahon ya yi tsalle ya koma sama.

"Kana faɗa da shi ne," in ji Gamaliel. "Ba wuta kake hurawa ba. Ka san hucin da kake yi wa madubin mota kafin ka goge? Shi. Iska mai ɗumi, mai yawa, a hankali. Sauke haɓa, kamar ka sa dankali mai zafi a baki. Saki leɓe!"

"Na saki."

"Wannan ne saki? Raƙumi in ya gaji, ka taɓa ganin leɓensa? Haka nake so."

"A Zariya kuka saba da fuskar raƙumi. Kullum kuna ganinta a madubi."

"Busa dai, sarkin ciniki."

Gaskiyar Gamaliel ce. Bara'u ya yi shekara da shekaru yana tsuke baki. Fasinja ya zage ka, ka tsuke. Ɗan maye ya tofa yawu a gilashinka, ka tsuke. Tun kafin nan ma, yaron da uwarsa ba ta yi masa hira ya koyi riƙe bakinsa da wuri. Naman wajen ya zama igiya. Sai ya koma gwada sakin leɓen a cikin bas. Duk inda danja ta tsayar da shi a Rusholme, tsakanin gidajen abinci da cunkoson motoci, sai ya saki leɓe ya yi burrr. Wata 'yar jami'a ta taɓa ƙwanƙwasa gilashinsa tana tambaya ko a kira masa motar asibiti.

Ita kuwa Inna ba ta jira. Zubaida ta ce yanzu wata ranar sharar ma ba ta motsi. Abinci sai an lallaɓa. Bara'u ya je, ya durƙusa, aka ce a ba bawan Allah ruwa, ya sha, ya dawo.

Azumi ya kama. Rabi'a ta ce, "Mutane na tafsiri, kai kana coci kana kukan shanu. Me zan ce wa matan unguwa?"

"Ki ce ina jinya."

Ta juya ta ci gaba da haɗa kayan buɗa-baki.

Ranar da abin ya zo, bai ma yi niyyar zuwa zauren ba. Ya yi dogon aiki, an yi haɗari a hanya sun tsaya sun tsaya, ga yunwa, ga ƙishi, ƙafafu kamar ba nasa ba. Ya shiga ne kawai don Gamaliel na jira. Ya kuskure baki, ya zauna, ya rungumi ƙahon, ya jingina goshi da shi. Ba shi da ƙarfin tsuke komai. Ya ja numfashi ya sake shi a ciki, irin ajiyar zuciyar wanda ya haƙura.

Ƙahon ya girgiza a ƙirjinsa. Girgizar ta bi cinya ta sauka ƙasa, ta bi katakon daɓen. Murfin kwanon Rabi'a ya ce kar. Ya ƙara cewa kar-kar-kar.

Iskar ta ƙare.

"Ashe yunwa ce maganinka," in ji Gamaliel. "Sake. Kafin ka tuna kai Bakano ne."

Ya sake, ta ƙi. Ya sake, ta zo. Kafin salla ta zama tasa: in ya kira ta, takan amsa.

Bayan salla ya sa ƙahon a kujerar baya, ya ɗaura masa bel kamar mutum, ya kama hanyar Birmingham. Ya jira aka yi la'asar. Bai shiga ya gaishe ta ba. Ya ɗauki kujera ya zauna a falo, jikin bangon ɗakinta, yadda Saje ke zama bayan gida. Zubaida ta bar ƙofar a buɗe, ta tsaya inda take ganin su duka biyu.

Ya fara daga sama, yana hawa yana sauka, da 'yan kurakuransa. Babu motsi a ɗakin. Ya sauka har bakin ramin. Ya tsaya, ya saki haɓa, ya saki leɓe, ya ba shi iska.

Ta cikin bango ya ji murfin.

Ya ji ƙarar gado. Ya ji silifa. Inna ta fito tana dafa bango, ɗankwali a gyare, ba ta dubi inda yake ba, ta wuce kicin. Ba ta dube shi ba! Yau ba ta ce sannu baƙo ba. Zubaida ta bi ta da sauri, aka ji ƙarar cokali da tukunya. Can sai ga Inna da faranti a hannu biyu, shinkafa da miya, tana tafe a hankali. Ta zo gabansa. Ta dafa hannun kujera. Ta fara durƙusawa.

Bara'u ya zabura, ƙahon ya kusa faɗuwa.

"Zauna mana, Saje," ta ce, idonta a ƙasa. "Sannu da aiki."

Gwiwoyinta suka taɓa kafet. Ta ajiye farantin a gaban ƙafarsa, ta ɗan saci kallon ƙahon.

"Sun canja maka ne? Wannan ai ɗan ƙarami ne."

Ya dubi farantin.

"Ci. Na ɗebi na yaron nan na rufe. Tun safe ya tafi garejin nan, bai sa komai a cikinsa ba." Ta matso kaɗan, ta rage murya, irin ta mace da mijinta in yara ba sa kusa. "Kada ka ƙara dukansa a kan makaranta, Saje. Kansa ba na littafi ba ne, amma hannunsa na da albarka. In kana aikin dare shi ke cika min randa kafin in tashi, yana tsammanin ban sani ba. Duk cikinsu shi ne nawa. Ba dai na faɗa ne."

Bara'u ya haura hamsin bai taɓa jin wannan ba. Ya sauko daga kujerar ya durƙusa shi ma.

"Inna. Ni ne. Ni ne yaron."

Ta rufe baki tana dariya. "Yau kuma ni ce Innarka? Tashi, kada yara su shigo."

"Inna, dube ni. Bara'u ne. Baba ya rasu tuntuni."

Dariyar ta tsaya. Ta dube shi, ta dubi bangon, ta dubi tagar da ruwan sama ke bugu, ta dubi Zubaida. Ta kama laluben ƙofar da babu ita a wajen, tana wani irin kuka ƙasa-ƙasa, tana tambayar ina ne nan, wa ya kawo ta, wa ya rasu.

Zubaida ta riƙe ta. "Yaya, bar shi. Kira ta yadda Baba ke kiranta."

"Ba zan iya ba."

"To tashi ka tafi, ka bar ni da ita a haka."

Sunan uwarsa ne. Bai taɓa fita daga bakinsa ba, ko a bayan idonta. In a asibiti aka tambaya, Zubaida ke faɗa. Ya koma kan kujera. Ya ɗauki ƙahon ya ɗora a cinya. Ya saki haɓar nan da ya sha wuya kafin ta saku.

"Tasalla," ya ce. "Babu wanda ya rasu. Miƙo min ruwa."

Kukan ya tsaya. Ta share ido da bakin zane.

"Ka cika wasan banza, Saje."

Ya ci shinkafar tana durƙushe a gefensa tana kore masa ƙudan da babu.

Da ya koma zauren, Gamaliel ya tare shi tun daga ƙofa. "Yaya? Ta gane ka?"

"Ta gane ƙahon."

Ran nan Gamaliel bai tsokane shi ba. Shayi ya haɗa masa.

Daga ranar baƙo bai ƙara zuwa daga Manchester ba. Saje ne ke dawowa daga aiki. Bara'u ya gwada barin ƙahon a gida. Ya gwada aske gemun, ya sa ƙananan kaya, ya shiga ya durƙusa kamar da. Ta ce, "Saje, tashi, mutane za su gani! Me ya sami gemunka?" Ƙofar da ya buɗe ta rufe a bayansa. Sai ya ci gaba da kawo ƙahon, tunda in murfin ya kaɗa takan tashi, ta yi tafiya, in ya ci ita ma ta ci. Zubaida ta sa matashi a ƙasa inda take durƙusawa.

Kuma kullum hirar ɗaya ce: yaron nan. Yadda ya yi ƙyanda ta kwana uku a tsaye a bayan labule don kada surukarta ta ga ta damu. Yadda ranar da ya zo da mota ta leƙa ta hudar taga ta gan shi, hularsa a karkace. Yadda take kiran sunansa a zuci in tana daka. Bara'u ya ji duka, yana cin abinci, yana cewa "Haka ne, Tasalla."

Ta kai farkon sanyi. Ranar ƙarshe da rana ne, a ɗakinta, labule a buɗe, kwanon dabino na nan kan tebur. Ba ta iya tashi, don haka bai busa ba. Yana zaune bakin gado, hannunta a cikin nasa, ba nauyi kamar kara. Ta buɗe ido.

"Saje."

"Na'am."

"Ina yaron nan?"

"Yana nan."

"A kira min shi. Yau ina so in gan shi. Ba ruwana da kunya."

Zubaida ta dube shi daga ɗaya gefen gadon. Ya san abin da zai biyo baya in ya ce ga ni. Ya taɓa gani. Ba zai sallame ta cikin firgita tana laluben ƙofa ba.

"Yana hanya, Tasalla. Ya kusa."

Ta ce to. Ta juya fuskarta wajen ƙofa. A haka ta cika, tana kallon ƙofa, hannunta cikin hannun ɗan da take jira.

Ainihin kuɗin ƙahon da Bara'u ya biya ke nan.